Ƙauna da Horo: Muhawarar Kiristocin Afirka ta Arewa a kan Halin Allah, 180–484

Gabatarwa

A farkon watan Yuni na shekarar 411, bishof-bishof fiye da 500 suka hallara a zauren wani babban gidan wanka na jama'a a birnin Kartaj, wanda kangonsa yake gefen birnin Tunis na yanzu. Kusan rabinsu 'yan Katolika ne, sauran kuwa mabiya wani shugaba ne mai suna Donatus, wanda ya daɗe da rasuwa. Dukansu mutanen ƙasa ɗaya ne, da Latin suke wa'azi, littafi ɗaya suke karantawa, kuma babu mai musun cewa ƙauna ce tushen halin Allah. Amma da wakilin Kaisar, wanda aka naɗa alƙalin taron, ya ce a zauna, sai Donatawa suka ƙi, wai Zabura ta hana mai adalci zama tare da mugaye. Ganin haka 'yan Katolika suka miƙe, shi ma alƙalin ya ƙi zama alhali bishof-bishof suna tsaye.

Tambaya ɗaya ce ta kai su ga wannan hali. Wasiƙar Yahaya ta Fari, a sura ta 4, ba ta tsaya ga cewa Allah yana ƙaunar bayinsa ba, ta mai da ƙauna ainihin siffarsa. To, in haka ne, me wannan ƙauna take yi da mai laifi? Yafe masa take yi, ko ware shi, ko kuwa horonsa har ya komo hanya, ko ya so ko bai so ba? Wannan ba muhawarar malamai ce kurum a zaure ba, domin a kan amsarta aka kori waɗansu daga majami'a, aka ƙwace gonakin waɗansu, aka yi wa waɗansu bulala. Mutum uku ne suka fi fitowa fili a wannan tarihi, watau Tartuliyan, da Sifriyan, da Agustin, dukansu kuwa 'yan Afirka ne.

Tartuliyan: Uba ne, kuma Ubangiji ne

Takarda mafi daɗewa da ta ambaci Kirista a lardin Afirka na Daular Rum takardar shari'a ce. Ran 17 ga Yuli, 180, aka yanke wa mutum 12 daga wani gari mai suna Silli hukuncin kisa a Kartaj, saboda sun ƙi rantsuwa da Kaisar. Ke nan tun farkon fari a ƙarƙashin takobi ikilisiyar Afirka ta buɗe ido, shahidai kuwa su ne abin alfaharinta.

A cikin wannan yanayi Tartuliyan ya yi rubutu. Mutumin Kartaj ne, mai kaifin alƙalami da zafin kai. Babban aikinsa a kan halin Allah raddi ne ga Markiyon, wani attajirin jiragen ruwa daga Sinof, a gaɓar Baƙar Teku, wanda ikilisiyar birnin Rum ta kora wajen shekarar 144. Markiyon ya karanta Tsohon Alkawari ya ga yaƙi da hukunci, ya karanta Bishara ya ga gafara, sai ya yanke cewa alloli biyu ne: akwai mahalicci mai tsananin shari'a, akwai kuma wani Allah na alheri zalla, wanda ba ya fushi, ba ya hukunci, shi ne wanda Yesu ya bayyana.

Wajen shekarar 207 Tartuliyan ya fitar da raddinsa, wanda ya kai littafi biyar. Hujjarsa ita ce, Allahn da yake hana mugunta amma ba ya hukunta mai aikata ta, haninsa magana ce kawai, kuma wanda bai ƙi mugunta ba, ba a ce da shi nagari. Ya tambayi mabiya Markiyon, in ba sa tsoron Allahnsu, me ya hana su ƙona turare ga gumaka su tsira da rai ranar da aka kama su? A ganinsa Allah ɗaya ne, Uba ne da ake ƙauna, kuma Ubangiji ne da ake tsoro, adalcinsa shi ne mai gadin alherinsa. Ikilisiya ta karɓi wannan matsayi, amma ya bar ƙura a baya, don bai faɗi inda alheri ya tsaya adalci ya ɗauka ba.

Shi kansa Tartuliyan ya yi ta matsar da wannan iyaka. A wani rubutu na farko a kan tuba ya yarda cewa wanda ya yi babban zunubi bayan baftisma yana da damar tuba sau ɗaya tak. Daga baya, bayan ya karkata ga masu tsattsauran ra'ayi, mabiya Montanus, sai ya janye, ya ce zina da kisan kai da bautar gumaka, ikilisiya ba ta da ikon yafe su. Da aka kawo masa misalin ɓatacciyar tunkiya da na ɗan da ya ɓarnatar da gādonsa ya komo gida, sai ya ce ai waɗannan misalai kan masu bautar gumaka suke magana, waɗanda ba su taɓa shiga gida ba, ba kan Kiristan da ya shiga ya fita ba.

Duk da wannan tsanani, akwai abin da bai yarda da shi ba. A shekarar 212 ya rubuta wa Iskafula, gwamnan lardin, ya ce haƙƙin kowane ɗan Adam ne ya bauta wa abin da ya ga dama, kuma tilasta addini ba ya cikin addini, tun da da yardar rai ake karɓarsa. Ya kamata a riƙe wannan magana, domin za a sake cin karo da ita.

Sifriyan: ranar da jama'a ta fāɗi

Abin da Tartuliyan ya tattauna a takarda, Sifriyan ya gamu da shi a bakin ƙofa. Attajiri ne, malamin balaga, wanda ya shiga addinin Kirista da girmansa, aka naɗa shi bishof na Kartaj wajen 248. Bai daɗe ba sai Kaisar Desiyus ya ba da doka cewa kowane mazaunin daula ya miƙa hadaya ga alloli a gaban wakilan hukuma, ya karɓi takardar shaida. Irin waɗannan takardu fiye da 40, masu ɗauke da kwanan watan shekarar 250, an tono su a Masar, suna nan har yanzu.

A Kartaj jama'a ta watse. Sifriyan ya rubuta cewa da yawa ba su jira an kama su ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, har da dare ya yi ma'aikata suka ce a dawo gobe, waɗansu suka riƙa roƙo a gama da su a ranar. Waɗansu kuma ba su yi hadayar ba, toshi suka bayar aka rubuta musu takarda. Kaɗan ne suka tsaya, aka ɗaure su, waɗansu suka mutu a kurkuku. Shi bishof ɗin ɓuya ya yi fiye da shekara guda, yana tafiyar da al'amura ta wasiƙa, abin da maƙiyansa ba su taɓa mantawa ba.

Da ƙura ta lafa, sai waɗanda suka yi ridda suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Nan ra'ayi ya rabu uku. Waɗanda suka sha ɗauri suka tsira sun ɗauka cewa wahalarsu ta ba su ikon ceto, suka shiga raba takardun afuwa, har wani daga cikinsu ya rubuta wa Sifriyan cewa sun yafe wa kowa gaba ɗaya. A birnin Rum kuwa wani malami mai suna Nobatiyan ya ce babu komowa ga wanda ya yi ridda, sai dai ya yi ta kuka har mutuwa, Allah ya yi yadda ya so da shi. Sifriyan ya bi tsakiya. Taron bishof-bishof na 251 ya yanke cewa a duba kowane mutum da halinsa: wanda takarda kawai ya saya a karɓe shi bayan bincike, wanda ya yi hadaya ya zauna cikin tuba, amma kada a bar shi ya mutu ba a sulhunta shi ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu, da aka hangi wani sabon tsanani tafe, sai aka buɗe ƙofa ga duk masu tuba, bisa hujjar cewa ba a tura mutum fagen fama a hana shi guzuri.

Dalilan da Sifriyan ya bayar duk daga halin Allah ya ɗebo su. Ya ce wa masu sassauci, likitan da ya rufe gyambo bai wanke ba, kashe majiyyaci yake yi. Ya ce wa masu tsanani, wanda ya ce wa mutum ya tuba amma ya hana shi gafara, kamar wanda ya ce wa manomi ya yi noma ne alhali ba zai girba ba. Allah Uba ne, in ji shi, uba kuwa ba ya murna da mutuwar ɗansa. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ana cikin haka annoba ta fāɗa wa Kartaj, mutane suka riƙa jefar da marasa lafiyarsu a titi. Fontiyus, almajirinsa da ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce Sifriyan ya tara jama'arsa ya gaya musu cewa jinyar ɗan'uwa Kirista ba abin yabo ba ce, kowa ma yana yi wa nasa. Wanda yake ɗan Allah sai ya yi kama da Ubansa, wanda yake fito da rana ya saukar da ruwa ga nagari da mugu. Saboda haka suka yi jinyar har waɗanda suka tsananta musu jiya. Ran 14 ga Satumba, 258, a zamanin Kaisar Baleriyan, aka fille wa Sifriyan kai a bayan gari, bayan ya ce a ba haunin zinariya 25.

Sai dai ya bar wa magadansa gādo iri biyu. Ya koyar da jinƙai ga talakan da ya fāɗi, amma kuma ya koyar da cewa limamin da ya yi ridda ba ya komawa kan muƙaminsa, kuma baftismar da aka yi a wajen ikilisiya ta gaskiya ba baftisma ba ce. Daga baya kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa.

Ɓaraka: masu miƙa littattafai

A watan Fabrairu na 303 Kaisar Diyokilishiyan ya ba da umarni a rushe majami'u, a kuma miƙa littattafai masu tsarki a ƙone. Akwai rahoton hukuma na abin da ya faru a garin Sirta, watau Kwansantin ta Aljeriya a yau, ran 19 ga Mayu na wannan shekara. Magajin gari ya shiga gidan taron Kirista da magatakarda, bishof yana zaune, aka fito da kofunan zinariya 2 da na azurfa 6 da tufafin sadaka, aka rubuta, sa'an nan aka bi gidajen masu karatu ɗaya bayan ɗaya ana karɓar littattafai. Waɗanda suka miƙa an laƙaba musu sunan da ma'anarsa ta zama maci amana.

Wajen shekarar 311 aka naɗa Sisiliyan bishof na Kartaj. Ana zarginsa da hana kai wa ɗaurarru abinci a lokacin tsanani, ana kuma cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi ya miƙa littattafai. Bishof-bishof 70 daga lardin Numidiya suka ce naɗin bai yiwu ba, suka naɗa wani, da ya rasu kuma Donatus ya gāje shi. Abin mamaki, a cikin masu wannan hukunci akwai Silbanus na Sirta, wanda rahoton da aka ambata ya nuna shi da hannunsa ya fito da fitilar azurfa ya ba magajin gari.

Da a zamanin Sifriyan ne, da rikicin ya tsaya a cikin gida. Amma zamani ya juya, Kaisar Kwansitantin ya rungumi Kirista, ya aiko da kuɗi, ya kuma ɗauke wa limamai ayyukan hukuma, amma ga ɓangaren Sisiliyan kaɗai. Donatawa ne suka fara kai ƙara gaban Kaisar. Aka zauna a Rum a 313, aka sake zama a Arles a 314, Kaisar da kansa ya yanke hukunci a 316, duk ba su yi nasara ba. Aka gwada ƙarfi, abin ya gagara, a 321 Kaisar ya ce a bar su da Allah. A 347 aka sake turo sojoji, aka zub da jini a garin Bagai, aka kori Donatus daga ƙasar. Kowane mutum da aka kashe sai ya zama sabon shahidi, har ya zamana a ƙarshen ƙarni na huɗu Donatawa ne suka fi yawa a Numidiya.

Su ma Donatawa da halin Allah suke kafa hujja. Allah mai tsarki ne, ƙaunarsa irin ta ango ce ga amaryar da ba ta da aibi. Ikilisiya lambu ce mai shinge, ko jirgin Nuhu da aka toshe kada ruwa ya shiga. Hannun da ya miƙa Bishara ga wuta ba zai wanke kowa ba. Alamar ikilisiya ta gaskiya kuwa, in ji su, ita ce a tsananta mata, ba ita ta tsananta ba.

Agustin: ƙaunar da take riƙe da bulala

An haifi Agustin a 354 a Tagaste, watau Suk Ahras ta Aljeriya. An yi masa baftisma a Milan a 387, ya zama limami a Hippo, watau Annaba, a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishof. Da wuya a sami marubucin Kirista da ya kai shi zurfafa tunani a kan ƙauna. A littafinsa kan Triniti ya nemi fahimtar Allah ta hanyar mai ƙauna, da abin ƙauna, da ita ƙaunar da ta haɗa su. A littafin da ya ba da labarin tubansa kuwa ya nuna Allah yana bin sa shekara da shekaru, yana zuba ɗaci a cikin duk wani daɗin haram da ya nema, har ya gaji ya sallama. A wurinsa wannan ɗacin shi ne jinƙai. Wanda bai gane wannan ba, ba zai gane abin da ya yi daga baya ba.

Amsarsa ta farko ga Donatawa ta haƙuri ce. Ya ɗauki misalin alkama da ciyawa na Matiyu sura 13, inda mai gona ya hana a cire ciyawa kafin girbi don kada a tumɓuke alkama. Ikilisiya a duniya gauraye take, tacewa aikin Allah ne ranar ƙarshe. Baftisma ta Almasihu ce, ko wane ne ya zuba ruwan. Ya ce Donatawa suna da littafi, da baftisma, da azumi, har da shahada, abu ɗaya suka rasa, shi ne ƙauna, tun da sun yarda su rabu da 'yan'uwansu na duniya duka a kan laifin mutanen da suka daɗe a kabari. A 392 ya rubuta wa wani bishof na Donatawa yana neman muhawara, amma ya ce a dakata sai sojojin da ke garin sun tashi, don kada wani ya zaci tsoro ake so a ba shi.

Shekaru goma sha biyar bayan wannan wasiƙa ra'ayinsa ya sāke. Dalili na farko tashin hankali ne. Akwai gungun 'yan ƙwadagon gona masu yawo da kulake, masu goyon bayan Donatawa, waɗanda suka riƙa tare limaman Katolika, har suna zuba musu farar ƙasa da ruwan tsami a ido. Shi kansa Agustin ya tsira daga kwanton ɓauna ne kawai don jagoransa ya ɓata hanya. Da bishof na Katolika na Bagai, wanda aka sassara aka jefo daga hasumiya, ya je fada ya nuna tabonsa, sai Kaisar Honoriyus ya ba da dokar haɗe ikilisiya a watan Fabrairu na 405. Dalili na biyu shi ne dokar ta yi aiki. A wata doguwar wasiƙa ta wajen 408 Agustin ya amsa cewa dā yana ganin kada a tilasta wa kowa, don kada a sami munafukai, amma aka nuna masa garinsu, wanda dā na Donatawa ne kaf, tsoron doka ya juyo da shi, mutanen kuma suna godiya.

Daga nan ya gina hujja, kuma a kan ƙauna ya gina ta. Allah da kansa, in ji shi, ya kā da Bulus a hanyar Dimashƙu ya makantar da shi kafin ya koya masa. Mai gidan da ke cikin misalin biki na Luka sura 14, da aka ƙi amsa gayyatarsa, ya aiki bawansa ya shigo da mutane ala tilas. A wa'azinsa kan Wasiƙar Yahaya ta Fari ya kawo misalin uba mai dūkan ɗansa da mai satar yara da ke lallashin yaro: wanda ya dubi aikin kawai zai zaɓi lallashi, amma ƙauna ce take dūka, mugunta take lallashi. Abin dubawa, in ji shi, shi ne saiwar da aikin ya tsiro daga gare ta.

Fetiliyan, bishof na Donatawa a Sirta, ya riga ya ba da amsa, cewa ƙauna ba ta tsanantawa, ba ta zuga sarakuna a kan rayukan mutane, Almasihu kuwa mutuwa ya koyar, bai koyar da kisa ba. Maganar Tartuliyan ce ta 212 ta dawo, amma wannan karon Kirista ne yake faɗa wa Kirista.

Taron 411 ya ƙare yadda kowa ya zata, alƙali Marsalinus ya ba 'yan Katolika gaskiya. A watan Janairu na 412 doka ta fito da jerin tara gwargwadon muƙami: manyan fādawa laba 50 na zinariya, sanatoci 30, 'yan kasuwa da talakawan gari 5. Bayi da manoman gandu kuwa, aka ce iyayen gidansu su yi ta dūkansu har su bar ɓata. Aka ƙwace majami'u, aka kori limamai.

Adalci ne a faɗi cewa Agustin ya sa wa horon iyaka, kuma ya tsaya a kanta. Da aka kama waɗanda suka kashe wani limaminsa, suka ƙwaƙule wa wani ido, ya rubuta wa Marsalinus yana roƙo kada a kashe su, kada a yanke musu gaɓa, alƙali Kirista ya yi hukunci irin na uba. Da wani babban ma'aikaci mai suna Makedoniyus ya tambaye shi dalilin da ya sa bishof-bishof suke roƙa wa masu laifi sassauci, ya amsa cewa laifin ake ƙi, mutumin kuwa tausayinsa ake ji, kuma ba a gyara hali sai da rai, Allah ma jinkirta wa mugu yake yi don ya tuba. Amma takobin hukuma ba ya jin roƙon limami kullum. A watan Satumba na 413 aka fille wa shi Marsalinus kai bisa zargin hannu a wani tawaye, duk da kai da kawowar da Agustin ya yi. Wajen 420 kuma, da Gaudentiyus, bishof na Donatawa a Timgad, ya kulle kansa da jama'arsa a majami'a ya ce zai cinna wuta in an taɓa su, Agustin ya rubuta wa jami'in da abin ya shafa cewa gara kaɗan su hallaka a wutar da suka hura da kansu, da a bar jama'a duka ta shiga wutar lahira.

Abin da ya biyo baya

Agustin ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, Bandalawa, waɗanda suka ƙetaro daga Sifen, suna kewaye da Hippo. Su ma Kirista ne, amma mabiya koyarwar Ariyus, a 439 kuma suka ci Kartaj. A shekarar 484 sarkinsu Hunerik ya kira bishof-bishof na Katolika taron muhawara a Kartaj, ya ce an kā da su, sa'an nan ya ɗauko dokokin da kaisarori suka yi wa 'yan bidi'a, har da jerin tarar nan ta muƙami-muƙami, ya ɗora su a kan 'yan Katolika, yana faɗa a fili cewa dokarsu ce ya mayar musu. Donatawa kuwa ba su ƙare ba, don wasiƙun Fafaroma Giregori na shekarun 590 suna kuka da su a Numidiya.

Wasiƙun Agustin sun yi nisan kwana fiye da rikicin da ya haife su. A 1685, shekarar da Sarki Luwi na 14 ya soke 'yancin 'yan Furotesta a Faransa, an sake buga biyu daga cikinsu a Faris don nuna cewa abin da ake yi yana da asali. A 1686 Pierre Bayle, ɗan gudun hijira a Holan, ya fara fitar da raddi a kan misalin bikin nan na Luka. Ya ce in har mai gaskiya yana da izinin tilastawa, to kowa yana da shi, tun da kowace ƙungiya gani take ita ce mai gaskiya. Sai a watan Disamba na 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a hukumance cewa ba a tilasta wa mutum a kan addini, ta kafa hujja da mutuncin ɗan Adam da kuma halin Almasihu, wanda ya gayyaci mutane bai tilasta musu ba.

Kammalawa

Waɗannan mutane uku ba su saɓa ba a kan cewa ƙaunar Allah ba sakaci ba ce, tana tafe da adalci. Inda hanya ta rabu shi ne wurin da kowannensu yake tsaye sa'ad da yake magana. Tartuliyan da Sifriyan sun yi magana takobi yana bisa wuyansu, iyakar horon da ke hannunsu shi ne su hana mutum Jibin Ubangiji, kuma da Sifriyan ya ce a yi koyi da ƙaunar Allah, shi da jama'arsa ne suka ɗauki nauyin, a ɗakin masu annoba da kuma gaban hauni. Agustin ya yi magana takobin yana gefensa, nauyin ƙaunar da ya bayyana kuwa a bayan manomin gandun Numidiya ya sauka.

Babu dalilin shakkar niyyarsa, wasiƙunsa na neman sassauci sun isa shaida. Raunin hujjarsa shi ne ya ajiye bambancin uba da azzalumi a cikin zuciyar mai riƙe da bulala, inda wanda ake dūka ba shi da hanyar leƙawa. Ga shi kuma niyya tana bin mai ita kabari, doka kuwa tana nan a rubuce tana jiran wanda zai hau gado. Dokar 412 ta shekara 72 kafin ta fāɗa hannun Hunerik, shi kuwa bai sha wahalar ƙirƙiro sabuwa ba, sunan masu laifi kawai ya sāke. Wannan abin lura ne ga duk wanda aka danƙa wa iko a kan jama'a, ko a majami'a ne, ko a kotu, ko a ofis, musamman ranar da ya tabbata a ransa cewa don amfanin mutane yake matsa musu.